Wa Kake Gaya wa Tsoronka?

Yaron da aka haifa a 2014, shekarar da aka kwashe 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok, yana da shekara shida cutar korona ta sa aka garƙame makarantu wata da watanni. Bai cika bakwai ba aka shiga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara da dare, a watan Disamba na 2020, aka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji, kuma ba a gama jimamin wannan ba aka tafi da 'yan mata 279 daga Jangebe. Yana ɗan shekara goma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, a watan Satumba na 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri har fadar Shehu da kasuwar Monday da asibitin koyarwa. A daminar ce kuma gwamnatin Nijar ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata, saboda ambaliya ta rushe azuzuwa, waɗanda suka rage a tsaye kuma sun cika da mutanen da suka rasa muhalli. Shekara na zagayowa, ruwa ya ci mutum fiye da 150 a Mokwa. Wannan yaron ku ne, 'ya'yana, ku da ke aji ɗaya zuwa uku na ƙaramar sakandare, ko kwaleji kamar yadda ake cewa a Nijar. Don haka ba zan ɓata muku lokaci da cewa babu abin tsoro ba. Kun ji da kunnenku, wasunku sun gani da idonsu, kuma kun wuce shekarun da ake rufe wa yaro baki da alewa.

Tsoron da ke damun mai shekarunku kala biyu ne, sun kuwa cuɗe da juna. Akwai wanda ake ji a rediyo: ambaliya, gobara, 'yan bindiga, annoba. Akwai kuma wanda babu gidan rediyon da zai faɗa: murya ta fara fashewa, yarinya ta ga jini karo na farko, an raba aji an kai amininka wani ɗakin, jarrabawar aji uku na tafe wadda daga ita wani zai tafi makarantar kimiyya, wani kasuwa, wata kuma ta fara jin ana ƙus-ƙus ɗin aurenta a tsakar gida. Tushensu ɗaya ne, wato abin da ka saba da shi yana iya gushewa ba tare da kowa ya yi shawara da kai ba. A daidai waɗannan shekarun ne kuma bakin yaro ke yin nauyi a gaban iyayensa. Wanda jiya-jiya yake zayyana wa Inna duk abin da ya gani a hanya, yau da ta tambaye shi sai ya ce ba komai. Tsoron yana nan daram, hanyar fita kawai ya sauya. Yanzu wajen aboki yake zuwa, a hanyar komawa gida, a layin famfo, a kan gado bayan an kashe fitila a ɗakin kwanan ɗalibai. Tunda ta hannun aboki yake bi, abin da abokin ya yi da shi ne zai sa ya kumbura ko ya koma shiri. Kowannenku kuwa abokin wani ne ko ƙawar wata, ke nan rabin aikin yana hannunku.

Cewa aboki yana rage nauyin tsoro abu ne da aka gwada aka gani. A 2008 wasu masu bincike a jami'ar Virginia ta Amurka suka riƙa tsayar da ɗalibai a gindin wani tudu, kowa da jaka mai nauyi a bayansa, su ce ya kimanta yadda hawan yake a miƙe. Waɗanda ke tsaye tare da aboki sun ga hawan bai kai yadda masu tsayuwa su kaɗai suka gan shi ba, kuma gwargwadon daɗewar abotar, gwargwadon yadda tudun ya kwanta a idonsu. Bayan shekara uku aka fitar da wani binciken da aka yi a Montreal ta ƙasar Kanada, a kan yara kimanin ɗari 'yan aji biyar da shida na firamare. An sa suna rubuta abin da ya same su sau da yawa a yini, ana kuma auna yawunsu don a ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke saki idan hankali ya tashi. Idan abin ɓacin rai ya sami yaro shi kaɗai, sinadarin ya kan hau, yaron kuma ya ji ya raina kansa. Idan amininsa na wurin, abin ba ya kai haka. Ku lura, ba a ce aminin ya yi wata dabara ko ya faɗi wata magana mai hikima ba. Yana wurin ne kawai.

Sai dai ƙofar da natsuwa ke shigowa ta cikinta, ta nan firgici ma yake shigowa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, Anna Freud da abokiyar aikinta Dorothy Burlingham sun buɗe gidajen renon yaran da yaƙi ya ɗaiɗaita. Abin da suka lura da shi ya ba mutane mamaki. Ƙananan yara ba ƙarar bam ɗin suke aunawa ba, fuskar uwa suke dubawa. Wanda uwarsa ta natsu, shi ma ya kan natsu, wanda tasa ta kiɗime kuwa sai ya fi ta kiɗimewa. A shekarunku aboki ya karɓi wani yanki na wannan matsayi na uwa, fuskarsa kuke dubawa ku san ko abin ya kai a tashi hankali. Wata malamar jami'ar Missouri mai suna Amanda Rose ta bi diddigin wannan a 2002. Ta yi nazarin wata ɗabi'a da kowa a cikinku ya sani: aminai biyu su zauna su ɗauko matsala ɗaya, su juya ta, su sake juya ta, yau da gobe da jibi, kowa na ƙara wa ɗan'uwansa "to idan kuma kaza ya faru fa?" ba tare da an je ko'ina ba. Ta gano cewa masu yin haka sun fi shaƙuwa da juna, amma kuma sun fi fama da fargaba da ƙuncin rai, kuma abin ya fi yawa a tsakanin 'yan mata. Tarkon ke nan, domin hirar tana da daɗi. Kina jin ƙawarki ta fahimce ki fiye da kowa a duniya, alhali ku biyun kuna tura juna cikin rami ne. Hausawa sun ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, gaskiya ne, amma ba su ce a kwana ana kukan ba. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Idan kun tashi daga hira, ku duba ko kun tashi da wani abu da za ku yi, ko kuwa da nauyin ƙirji kaɗai kuka tashi.

Waya ta ƙara wa wannan wuta fetur. Bayan tashin bam a gasar gudun fanfalaki ta Boston a 2013, masu bincike sun tarar cewa mutanen da suka riƙa shafe awa shida ko fiye a kullum suna kallon labarin sun fi nuna alamun firgita a kan waɗanda suke wurin da abin ya faru. Wanda yake wurin sau ɗaya ya gani, mai kallo kuwa ya gani sau ɗari. Yanzu ku tuna bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok duk ranar da aka yi wani tashin hankali, na gawarwaki, na gida yana rushewa, na uwa tana ihu. Da yawansu ma tsofaffi ne, ko na wata ƙasa, aka liƙa musu sunan garinku. Wanda ya miƙa wa abokinsa irin wannan da dare, a wayar yayansa ko ta mahaifiyarsa, yana ganin labari ya ba shi. Abin da ya ba shi a zahiri shi ne kwana ido biyu, kuma babu ko mutum ɗaya da kallon ya ceta.

To wane irin aboki ne ke mai da tsoro shiri? Amsa mafi kyau da na sani ta fito ne daga 'yan ƙaramar sakandare irinku, a wani gari na bakin teku a Japan mai suna Kamaishi. Shekaru kafin 2011, wani farfesa na jami'ar Gunma, Toshitaka Katada, ya riƙa zuwa garin yana aiki da malamai don koya wa yara abin da za su yi idan teku ta yi ambaliyar da ake kira tsunami. Abu uku ya nanata musu. Kada su dogara kacokan da taswirar hukuma da ke nuna inda ruwa zai tsaya, domin ruwa bai karanta taswira ba. Su yi iyakar ƙoƙarinsu, ko sun isa tudu su duba ko akwai wanda ya fi shi. Na ukun shi ne mafi wuya: kowa ya zama na farkon gudu. Ya san halin ɗan Adam, kowa na jin kunyar a ce shi ne matsoraci, sai a tsaya ana kallon juna har lokaci ya ƙure. Ranar 11 ga Maris na 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, ƙasa ta girgiza. Ɗaliban ƙaramar sakandaren gabashin garin suka fito a guje suna ihun ruwa na zuwa. A makarantar firamare ta Unosumai da ke maƙwabtaka da su, an riga an hau da yara bene na sama, ana ganin nan ne tsira. Da suka hango yayyensu suna gudu, suka sauko suka bi su. Manya suka kama hannun ƙanana. Da suka isa wurin da aka tanada don fakewa, suka ga gefen dutsen da ke bayansa yana zaftarewa, suka ƙara gaba zuwa tudu na sama. Ruwa ya zo ya shanye makarantun biyu har benen da aka fara ɓuya, ya kuma kai wurin fakewar farko. Garin ya rasa mutum fiye da dubu, amma a cikin ɗaliban firamare da ƙaramar sakandare kusan 3,000, ƙalilan ne ba su tsira ba. Jaridu sun kira abin al'ajabi. Ni dai abin da nake gani shi ne yara masu tsoro ƙwarai, waɗanda aka koya wa inda za su kai tsoron, kuma suka yarda a tsakaninsu tun kafin ranar cewa ba wanda zai yi wa mai gudu dariya.

Mu ba mu da teku a Haɗeja ko Maraɗi, amma muna da damina, kuma ita ba ta zuwa ba sanarwa. A Najeriya, kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen ruwan sama, hukumar kula da koguna ta NIHSA kuma tana bayyana ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya, ana faɗa a rediyo da Hausa. Aminai biyu da suka saba zama suna tsorata juna da labarin Maiduguri za su iya ɗaukar wannan lokacin su yi abin da zai amfane su. Su bi hanyarsu ta makaranta da ido buɗe: ina take tsallaka kwari, ina kwalbati ke toshewa, ina kududdufi ke cika har ya haɗe da hanya, ina ne tudu mafi kusa. Su haddace lambar wayar iyayen juna, domin ranar da ake buƙatarta ba a samun littafin da aka rubuta ta. Su san cewa a Najeriya lambar neman agajin gaggawa 112 ce. Su san cewa ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba, wato ya ɗan haura idon sawu, yana iya kayar da babban mutum, balle yaro mai jaka a baya, don haka idan hanya ta cika a jira, ko da za a sha faɗan makara. Bayan ambaliya amai da gudawa ke biyowa, kuma ruwan gishiri da sukari da ke riƙe ran mai cutar kafin a kai shi asibiti bai fi ƙarfin ɗan aji ɗaya ba: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. 'Yan makarantar kwana su duba ɗakinsu, ƙofa nawa gare shi, ana kulle ta ta waje da dare ko a'a, wa ke riƙe da mabuɗi. Idan amsar ba ta yi daɗi ba, mutum ɗaya zai ji nauyin tunkarar malami, amma mutum uku da suka je cikin ladabi za a saurare su. Duk wannan ba zai hana ruwa zuwa ba. Abin da yake yi shi ne, idan tunanin ya taso da dare, akwai amsar da za a ba shi.

Na san abin da wani zai ce, domin ana faɗarsa a kowane zaure: ai abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, wannan shirye-shiryen duk ƙarancin tawakkali ne, mai imani ba ya tsoro. Rabin farko na maganar gaskiya ne, sauran kuwa tarihin da kuka karanta a Islamiyya bai goyi bayansa ba. Ku tuna yadda aka yi Hijira a shekarar 622. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai fita shi kaɗai ba, ya tafi da amininsa Sayyidina Abubakar. Madina tana arewa, suka nufi kudu zuwa kogon Saur don a ɓatar da masu nema, suka kwana uku a ciki. An tanadi raƙuma tun da wuri, an ɗauki ɗan jagora da ya san hanyar da ba a saba bi ba. Abdullahi ɗan Abubakar yana yini a Makka yana sauraron abin da ake ƙullawa, da dare ya kai labari. Nana Asma'u 'yar'uwarsa ta haɗa guzuri. Amiru ɗan Fuhaira yana koro tumaki a kan sawun don ya shafe shi. Mafi yawan masu wannan hidima matasa ne. Da masu nema suka iso bakin kogon, hankalin Sayyidina Abubakar ya tashi, kuma ba a ce masa imaninsa ya yi rauni ba, an kwantar masa da hankali ne da tuna masa cewa Allah na tare da su. Annabi Musa da aka aike shi wurin Fir'auna ya bayyana tsoronsa, ya roƙi a haɗa shi da ɗan'uwansa Haruna, aka amsa masa. Annabi Yusuf da ya san fari na tafe, rumbu ya sa aka cika shekara bakwai. Musulminku da Kiristanku duk kun san waɗannan biyun na ƙarshe. Addu'a tana da wurinta babba, kuma aboki na ƙwarai zai tuna maka ita. Amma wanda ya ce maka tsoro kansa zunubi ne ya ɗora maka kaya biyu, tsoron da kuma jin laifin tsoron, sai ka koma ɓoyewa, ɓoyayyen tsoro kuwa shi ya fi cin rai.

Akwai suka ta biyu da ta fi wannan ƙarfi, kuma ba zan yi kamar na gama da ita ba. Za ku ce: ruwa mun ji, gobara mun ji, to masu bindiga fa? Me ɗan shekara goma sha biyu zai shirya? Gaskiya kaɗan ne. Tsaron makaranta bashi ne a wuyan manya. Najeriya da Nijar duk sun amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka ƙaddamar a Oslo a 2015, Abuja ma ta karɓi baƙuncin babban taronta a 2021, amma duk da haka a watan Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga ta jihar Kaduna. Idan kun ji haushi, kuna da hujja. Abin da aboki zai iya a nan shi ne ya taya ka rarrabe kayan: wannan namu ne mu ɗauka, wannan na hukuma ne da iyaye, ɗaukarsa ba zai ƙare mu da komai ba sai rama. Zai iya tuna maka abin da labarai ba sa faɗa, cewa dubban makarantu sun buɗe yau da safe sun tashi lafiya, ba wanda ya sa su a rediyo. Zai iya ƙin shiga wasan banzan nan na a ƙwala ihun "ga su nan!" da dare don a ga yadda mutane za su watse, wasan da ke karya ƙafafu, ya kuma sa ranar gaskiya a ɗauka wasa ne. Sannan akwai abin da ba mai iya yi sai ku. Yaran da aka sako daga daji, ko waɗanda aka kashe musu wani, suna dawowa aji su tarar ana nuna su da baki, ana yin shiru idan sun shigo. Soja ba ya maganin wannan, gwamna ma haka. Wanda ke maganinsa shi ne abokin da zai matsa ya ba shi wuri a benci, ya ci gaba da tsokanarsa a kan ƙwallo kamar da.

Iyayenku kuma suna da tasu sukar, kuma ku saurare ta da kyau. Suna cewa abokai ne ke lalata yaro, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ba su yi ƙarya ba. A wani gwaji da aka buga a 2005 a Amurka, an sa matasa da manya wasan tuƙin mota a kwamfuta, wani lokaci su kaɗai, wani lokaci sa'o'insu na kallo. Manya ba su sauya sosai ba, amma matasa da zarar abokai na kallo sai ganganci ya ƙaru. A garuruwanmu mun san inda wannan ke kaiwa. Yaro ya ce wa abokinsa ba ya iya barci, abokin ya ce akwai abin da ke sa a manta, daga nan sai kodin, sai tiramol, sai sholisho. Har sai da gwamnatin Najeriya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Don haka aboki kaɗai bai isa ba. Emmy Werner ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawaii har suka manyanta. A cikin waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida, kusan ɗaya cikin uku sun zama mutanen kirki masu natsuwa, kuma abin da ya yawaita a tarihinsu shi ne samun aƙalla babba guda da ya riƙe su, ko da ba mahaifi ba ne. Mu kuwa Allah ya hore mana irin waɗannan. Idan kunya ta hana ka tunkarar Baba, ko ke 'yar fari ce Inna na yi miki alkunya, akwai kaka wadda wasa ke tsakaninku, akwai goggo, akwai kawu, akwai malamar da kuka fi sakin jiki da ita. Babban aikin amini wani lokaci shi ne rakiya zuwa wurin ɗayansu. Kuma akwai sirrin da riƙe shi cin amana ne. Idan ƙawarki ta ce ta gaji da rayuwa tana son ta mutu, ko wani babba yana taɓa ta ya ce kada ta faɗa, ko abokinka ya yi makonni ba ya barci ba ya cin abinci tun bayan abin da ya gani, to ko an sa ku rantsuwa, ku faɗa wa babban da kuka amince da shi a ranar. Zai yiwu a yi fushi da ku. Fushin mai rai ana shirya shi.

Saura tsoron da ya fi kusa da ku, wanda ba ruwansa da ambaliya: ita abotar kanta za ta sauya. A 2015 aka buga wani bincike da ya bi ɗalibai 410 a Amurka tun daga ajin da ya yi daidai da farkon ƙaramar sakandare. A cikin abotar da aka ƙulla a wannan ajin, ɗaya cikin ɗari ce kawai ta kai ƙarshen babbar sakandare. Wataƙila a wurinmu adadin ya fi haka, tunda mutane kan tsufa a unguwar da aka haife su, kuma sau da yawa babban abokin ango tun allo suke tare. Amma ba sai an kawo muku lissafi ba, kun ga yadda yayyenku suka rabu da nasu. Mai wayo a cikinku zai ce, to me ya sa zan zuba zuciyata a abin da zai ƙare? Masu binciken sun gano cewa abin da ya fi raba abokan shi ne bambancin da ke tsakaninsu, a karatu, a farin jini, a zafin rai, fiye da mugun halin ɗayansu. Ma'ana, mafi yawan rabuwar ba cin amana ba ce, girma ne, kowa ya miƙe ta inda ya dace da shi. Wanda bai san haka ba shi ne ke ƙanƙame aboki har ya shaƙe shi. Daga nan ake samun "in dai kina kula waccan, ni ba ruwana da ke," da gabar wata guda a kan an zauna da wani a lokacin tara, da kai gulma don a raba wasu. Duk tsoron rashi ne ya sa rigar fushi, kuma shi ke gaggauta rashin da ake gudu. Abotar da ta raka ka shekara uku masu wuya ta yi aikinta ko da ba ta kai ta huɗu ba, kuma abin da ka koya a cikinta, yadda ake sauraro, yadda ake ba da haƙuri, yadda ake riƙe sirri da sanin wanda ba a riƙewa, yana tafiya da kai duk makarantar da aka tura ka. Wadda kuke so ta ɗore kuwa, zumunci a ƙafa yake. Idan an yi hutu a je a gaida mahaifiyarsa, idan an yi musu rasuwa a je a zauna, ko ba a san abin da za a ce ba.

Sauyin da ya raba ku da wani shi ne kuma yake kawo muku wani. A Gusau, a Katsina, a Maiduguri, a Diffa, da wuya a sami makarantar gwamnati da babu yaron da ya zo a tsakiyar zango saboda an tashi ƙauyensu ko ruwa ya ci gidansu. Za ku gane shi, ba shi da cikakken kayan makaranta, Hausarsa ta ɗan bambanta da taku ko ma ba ta zauna ba, kuma ƙofa ta buga da ƙarfi sai ya zabura. Kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne su kewaye shi da tambaya: da gaske ka gan su, mutum nawa aka kashe, ya aka yi kuka tsere? Kowace tambaya tana mayar da shi daren da yake ƙoƙarin fita daga cikinsa, kuma gobe labarin ya zagaye makaranta da ƙarin gishiri. Ku bar shi ya faɗa ranar da ya ga dama, ga wanda ya ga dama, idan ma bai faɗa ba shi ke nan. Abin da yake buƙata a makon farko ƙanana ne: a nuna masa inda ake shan ruwa da inda ake alwala, a gaya masa malamin da ba ya son a makara, a ara masa littafi ya kwafi darussan da suka wuce shi, a kira shi da sunansa maimakon ɗan gudun hijira, kuma idan ana raba 'yan wasa a fili kada a bar shi ya zama na ƙarshen zaɓa kullum.